Talabijin mai inci 43 da ta ƙi tashi: bin sawun matsala a bodin wuta

Talabijin ce mai faffaɗan allo, inci 43, irin wadda fitilun LED ke haska ta daga baya. Ta kai shekara shida ana mora. Wani dattijo ne ya kawo ta shi da jikansa, an naɗe ta da bargo kamar majinyaci. Kafin ya zauna ya ce, "Malam, ta mutu. Ko 'yar jar fitilar nan ta ƙasa ba ta kawowa."

Ban ɗauki sukudireba ba tukuna. Na ja masa kujera, don talabijin ba ta magana, mai ita ne yake ganin yadda ciwon ya faro.

Na ce, "Baba, lokaci guda ta ɗauke, ko ta daɗe tana ba ku alama?"

Ya ce ai ta daɗe. Wata uku baya ta fara nawa da safe. A danna rimot, jar fitilar ta yi ta ƙyaftawa, sai an jira minti biyu ko uku hoto ya fito. Da ta kama kuwa sai ta wuni lafiya lau. Minti ukun ya koma goma, goman ya koma rabin awa. Jikan ya sa baki, ya ce shi ya lura ranar da gari ya yi sanyi ta fi taurin kai, kuma in ka kara kunne a bayanta za ka ji wani "ƙis, ƙis, ƙis" kamar agogon bango. Sun kai ta wajen wani mai gyara, ya canza abubuwa uku, ya ba su tsofaffin a leda, kawunansu a kumbure.

Na tambayi abin da ya fi damuna: "Bayan gyaran, jinkirin ya tafi gaba ɗaya?"

"A'a, raguwa dai ya yi. Ya dawo kamar minti ɗaya. Bayan mako uku ya ci gaba daga inda ya tsaya, sai rannan da safe shiru."

Ba a ji ƙara ba, ba a ji ƙauri ba, ba a yi tsawa a daren ba. Wannan ya rage mini zargin cewa wuta ce ta yi yawa ta ƙone wani abu. Abin da yake lalacewa a hankali, ya tsananta da sanyi, ya yi sauƙi da ɗumi, kusan kullum kafasita ce, wato 'yar ma'ajiyar wuta, mai ruwan sinadari a ciki. Tun da kuma gyaran farko bai kawar da jinkirin ba, akwai wata mara lafiya da ba a taɓa ba. Na roƙi jikan ya koma ya ɗauko mini ledar tsofaffin kayan, in ba a zubar ba.

Abin da ke bayan murfi

Da aka kwance sukurorin, bodi uku ne, wato faifan da ake dasa kayan lantarki a kai, a jikin ƙarfen baya: bodin wuta, babban bodi mai ramukan HDMI, da ɗan siririn da ke tuƙa allon. Ƙura ta yi wa ramukan iska na sama lif, har da yana.

Bodin wuta gida biyu ne, kuma an ja farin layi a kansa don raba su. Gefe ɗaya an rubuta HOT, ɗayan COLD. Ba zafin jiki ake nufi ba. Ɓangaren farko a haɗe yake kai tsaye da wutar gari, na biyun kuwa tiransifoma ce ta raba shi da ita. Wuta tana shigowa ta fis, ta ratsa matatar da ke tare hayaniya, ta shiga gadar dayod huɗu da ke miƙar da ita (dayod hanya ɗaya kawai yake barin wuta ta bi), ta taru a babbar kafasita mai ɗaukar 450V. Inda wutar gari take 230V, abin da zai taru a nan wajen 325V ne, wato an ninka ta da 1.414. Daga nan hanya ta rabu. Akwai ƙaramin sashe da masu gyara ke cewa sitanbai, ni kuwa maigadi nake ce masa, don ba ya barci muddin fulogi na jikin soket. Shi ke ba da 5V ɗin da ke riƙe jar fitila da idon rimot da wani yanki na babban bodi. Idan ka danna rimot, babban bodi ya aiko da umarni ta wayar da aka rubuta wa PS_ON, sai sashen da ke ɗaga wuta, mai alamar PFC, ya kai babbar kafasita wajen 390V, babbar tiransifoma ta tashi ta ba da 12V, daga bisani wani umarnin ta wayar BL_ON ya kunna fitilun baya.

Wannan jerin shi ne taswirar bincike. Kowane mataki yana jiran na gabansa. In babu 5V, duba fitilun baya ko zargin babban bodi ɓata lokaci ne.

Yaron da ke koyon aiki a wajena ya miƙa hannu zai juya bodin. Na buge hannun. An cire fulogi fiye da minti uku, amma da na ɗora mita a ƙafafun babbar kafasita, 280V ta nuna. Wannan ya isa ya jefar da mutum, ko ya yi abin da ya fi haka. Na sauke ta da resista, wato abin da ke rage gudun wuta, mai om dubu goma, wat biyar, da na ɗaure wa wayoyi biyu masu rufi, ina kallon mita har ta sauka ƙasa da 10V. Masu haɗa ƙafafun da bakin sukudireba su ji "tas" suna ɓata kafasitar, suna cin zanen tagullar bodin, wata rana kuma tartsatsin ya sami ido.

Amma wannan 280V ɗin labari ne mai kyau ta wani gefen. Ta gaya mini fis bai yanke ba, gadar dayod tana aiki, kuma babu abin da ke shan wutar da ta taru yadda ya kamata. Wato wuta ta iso ƙofar maigadi, shi ne bai karɓa ba.

Ido ya fara zagayawa. Babu baƙin tabo, babu resistar da ta ƙone, babu kafasitar da ta kumbura ko ta zubar da ruwa. Guda ukun da aka canza suna nan tsaye, kawunansu a shafe. Duk wanda ya saba gyara da ido kaɗai a nan zai tsaya ya ce a sayo sabon bodi.

Mutuwar farko: maigadi

Na saka wuta ta cikin ƙwan lantarki mai wat 100, irin tsohon nan mai zare, a jere da wayar shiga. In akwai shot, wato wuta ta sami gajeriyar hanyar da ba tata ba, ƙwan zai haska ya tsaya a haske, ya tare ɓarnar. Ya ɗan ƙyafta ya mutu, alamar babbar kafasita ce kawai ta cika. Ta nuna 318V.

A wayar da aka rubuta wa 5V STB, wato wutar sitanbai, baƙin tsinken mita yana kan ƙarfen baya, lambobin suka yi ta tsalle: sifili, 1.8, sifili, 2.1. Kowane tsalle yana tafiya da "ƙis" ɗin da jikan ya ji. Maigadi yana yunƙurin tashi yana komawa. Abu biyu ke jawo haka. Ko dai wani abu a gaba yana jan wuta fiye da kima har kariya tana kashe shi, ko kuma shi kansa ba ya samun abin da zai riƙe shi a tsaye.

Na zare wayar da ke zuwa babban bodi. Tsallen bai canza ba. Babban bodi ya fita daga zargi, aƙalla a wannan zagayen.

A nan na ɓata kusan minti ashirin a banza, kuma laifina ne. Na auna dayod ɗin da ke miƙar da 5V yana jikin bodi, mita ta yi ƙara kamar ya yi shot. Na ɗauka an gama. Da na ɗaga ƙafarsa ɗaya na sake aunawa, lafiyarsa ƙalau: kusan 0.2V ta gaba, kamar yadda irin waɗannan dayod masu sauri suke nunawa, ta baya kuma a rufe. Ƙarar da na ji ta kafasitar da ke cika ce da zaren tiransifoma da ke kewaye da shi. Na san wannan tarkon shekara da shekaru, amma ɗoki ya ja ni. Na mayar da ƙafar.

Yaron ya ce, "Maigida, ko aisin ne? Mu canza mu gani."

Na ce masa "mu canza mu gani" ita ce ta cika kwandon shara da kayan da ba su yi laifin komai ba. Aisi, wato ɗan guntun da ke kaɗa tiransifomar maigadi, in ya mutu ba ya yin "ƙis". Wannan yana da rai, yunwa ce ke damunsa.

Na koma ɓangaren HOT. A nan ƙa'idar awo ta canza, kuma mutane da yawa suna tuntuɓe a kanta: baƙin tsinke ba ya zama a ƙarfen baya, sai a ƙafar babbar kafasita mai alamar ragi. In ka bar shi a ƙarfe, lambobin da za ka gani ba su da ma'ana. Na maƙale shi da maƙali tun kafin a saka wuta, hannu ɗaya a aljihu, ɗayan riƙe da jan tsinke a ƙafar aisin da ke karɓar abincinsa, wadda ake rubuta wa VCC.

Wutar tana hawa har wajen 15V, ta faɗo 9V, ta sake hawa.

Ga yadda abin yake. Irin wannan aisin ba shi da mai ba shi wuta a farkon tashi, sai 'yar siririyar hanya daga babbar kafasita, ta cikin resistoci masu ɗaruruwan dubban om ko ta wata ƙafa a jikinsa. Wannan 'yar wutar ba ta isa ta tafiyar da shi, tana dai cika wata ƙaramar kafasita da ke kusa da shi, kamar ɗigon famfo a kofi. In kofin ya cika zuwa wani mizani, aisin ya tashi ya fara kaɗa tiransifoma da abin da ya taru. Dole abin da ke cikin kofin ya riƙe shi na ɗan ƙiftawar ido, har wani ƙaramin zare a tiransifomar ya fara ba shi wuta da kansa. In kofin ya ƙare kafin nan, ya mutu, ɗigon ya sake farawa. Sanannen aisin nan UC3842, alal misali, yana tashi a 16V ya mutu a 10V. Na wannan bodin ba shi ba ne, amma ɗabi'ar ɗaya ce.

Da wutar ta maƙale a 2V ko 3V ba ta hawa, da resistocin tashi zan zarga, ko aisin kansa. Tun da tana kaiwa 15V, hanyar tashi lafiya take. Saura uku: ɗan dayod ɗin zaren taimako, 'yar resistar da ke tare da shi, da kofin kansa. Na cire wuta, na sauke babbar kafasita, na auna biyun farko, babu laifi.

Kofin wata 'yar mitsitsiyar kafasita ce, 47µF (ma'aunin yawan wutar da take iya ajiyewa), 50V, ba ta kai kan ƙaramin yatsa ba, an dasa ta dab da alminiyon da ke zuƙe zafin tiransista. Kanta a shafe, rigarta ba ta ko canza launi ba. Kafin in cire ta na so in tabbatar. Na kara ƙarfen narka dalma kusa da jikinta kamar daƙiƙa goma, ita kaɗai, na janye, na saka wuta. Mita ta tsaya cak a 5.1V. Na cire, muka bar ta ta huce, na shafa mata auduga mai ɗan sifirit don ta yi sanyi sosai, na jira ya bushe, na sake sakawa. "Ƙis, ƙis, ƙis."

Da na fitar da ita, maimakon 47µF, 9µF ta nuna. Turjiyarta ta ciki, wadda mitar ESR ke aunawa, om 21. Sabuwa irinta ba ta wuce om ɗaya da ɗan wani abu. Ruwan sinadarin da ke cikinta ya ƙafe a hankali ta robar da ta toshe gindinta. Ƙananan nan ba kasafai suke kumbura ba, bushewa kawai suke yi shiru. Ɗan ruwan da ya rage yana yin kauri da sanyi, ya saki da ɗumi, shi ya sa talabijin ɗin take tashi bayan rabin awa: yunƙurin da take ta yi ne yake ɗumama wurin har kofin ya iya riƙewa. Ranar da ruwan ya gaza ko da ɗumin, ranar ce Baba ya ce ta mutu.

Na saka sabuwa, 47µF, 50V, mai jure 105°C, na ɗan karkatar da ita nesa da alminiyon gwargwadon yadda ƙafafunta suka bari. Na mayar da wayar babban bodi. Jar fitila ta kama, ba ƙyaftawa.

Mutuwa ta biyu

Na cire ƙwan lantarkin daga hanya, domin in sashen PFC ya tashi yana jan wutar da ƙwan zai shaƙe shi, ka ga alamun ƙarya. Yaron ya danna rimot. Babbar kafasita ta hau 392V, fitilun baya suka haska, tambarin kamfani ya fito. Daƙiƙa biyu, allo ya yi baƙi, jar fitila ta dawo. Ya sake dannawa, haka.

Fuskar yaron ta faɗi. Ni kuwa ban yi mamaki sosai ba, don tun da aka buɗe hankalina bai kwanta da kafasitoci ukun nan ba. Amma wannan alamar, haske na daƙiƙa biyu sannan duhu, ta fi kama da ta fitilun baya, kuma ba a yanke hukunci da zato. Fitilun a jere suke kamar carbi, in ɗaya ta yanke, sashen da ke ba su wuta ya yi ta ɗaga ƙarfi yana neman hanya har kariya ta kashe shi. A talabijin da yawa sauti yana ci gaba a lokacin, kuma in ka haska tocila dab da allo za ka ga hoto dishi-dishi. A nan ba haka ba ne: komai ya mutu, ta koma sitanbai. Duk da haka na zare wayar fitilun na gwada su da na'urar gwajin LED. Layi biyu ne, duka sun haska. Na farko 70V, na biyu 73V. Na rubuta lambobin a gefe.

Sai na ware bodin wuta shi kaɗai. Na zare wayar babban bodi, na haɗa 5V STB da PS_ON ta cikin resista mai om dubu ɗaya, wato na yi masa ƙaryar cewa an danna rimot. A irin wannan bodin umarnin da wuta yake zuwa, amma akwai waɗanda nasu akasin haka ne, sai an kai wayar ƙasa suke tashi, saboda haka a karanta rubutun bodi kafin a yi. Layin 12V ya nuna 12.1V, tsaf. In da a nan na tsaya, da na wanke bodin wuta na ɗora wa babban bodi laifi.

Wutar da ba ta ɗauke da kaya ba ta faɗin gaskiya. Na ɗaura mata ƙwan mota mai wat 21, wanda ke jan kusan amfiya 1.75. Mita ta sauko 11.3V tana rawa, ƙwan yana ɗan makyarkyata. Da na ɗora osiloskof, na'urar da ke zana siffar wuta a allo, a layin, a ɓangaren COLD inda babu haɗari ga na'urar, maimakon miƙaƙƙen layi sai haƙoran zarto, tsayinsu ya haura 1V. Mita ta gama-gari matsakaici take nunawa, ba ta ganin waɗannan ramukan. Babban bodi kuwa yana ganinsu. Lokacin da allo da amfilifaya da fitilu suka tashi tare, ramin ya zurfafa, ƙwaƙwalwar talabijin ta ga wuta ta gaza, ta kashe komai.

Daidai nan jikan ya dawo da ledar. Tsofaffi biyu na layin 12V an rubuta musu 1000µF, 25V, 105°C. Waɗanda aka saka a madadinsu 1000µF ne, 16V, 85°C. Da na juya bodin na ga sauran labarin. Launinsu ba ɗaya ba, ƙafafunsu gajeru da tsohuwar dalma a jiki, ɗaya ma an yi mata ƙari da guntun waya. Daga wani mataccen bodi aka ciro su. Turjiyar cikinsu om 0.9 da om 0.8, alhali a wannan gurbin ana son ƙasa da 0.1. Ta ukun, ta layin 5V, ita ma ba ta fi su ba.

Mutane sukan kama maganar 16V da 25V su ce nan kuskuren yake. A ganina ba shi ne babba ba. Kafasita mai 16V tana iya zama a layin 12V, sarari ne dai ya ragu. Babban kuskuren iri ne. Tiransifomar nan ba sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa kamar wutar gari ba, sau dubbai goma-goma ne. Kowane kaɗawa wuta tana shiga kafasitar tana fita, kuma duk turjiyar da ta tarar a ciki zafi take zama. Kafasitar gama-gari, balle wadda ta riga ta ci rabin rayuwarta a wani bodin, dafa kanta take yi daga ciki. Ba na cewa mai gyaran farko bai san aiki ba. Ya ga kumbura ya canza, kuma waɗanda ya cire lallai sun lalace. Abin da ke hannunsa ya saka, kuma bai auna waɗanda ba su kumbura ba.

Na saka sababbi uku masu ƙaramar turjiya, 105°C, na 12V ɗin masu 25V kamar na asali. Na kula da zanen ragi a jikin kowacce ya dace da na bodi, don wadda aka juya fashewa take yi. Na zaunar da su har ƙasa, ƙafafu gajeru, na goge ragowar man dalma. Da ƙwan motar a jiki, 12.1V ba motsi, haƙoran zarton sun koma wajen 0.1V. Tun da bodin yana hannuna, na bi sauran ƙananan kafasitocin ɗaya bayan ɗaya da mitar ESR. Ɗaya mai 10µF kusa da aisin PFC ta fara hawa, na canza ta. Babbar mai 450V an rubuta mata 120µF, ta nuna 112µF, na bar ta.

Aka haɗa komai, aka danna rimot, hoto ya fito ya zauna.

Abin da ya rage

Ba na ba da talabijin ranar da ta tashi. Na jingina murfin baya a wurinsa ba tare da ɗaure sukurori ba, don zafin ciki ya taru kamar yadda zai taru a gida, na bar ta tana aiki. Bayan kamar awa ɗaya da rabi allon ya ƙyafta sau ɗaya. Yaron bai gani ba, ni ma da gefen ido na kama.

Na ɗauke murfin, na bi bodin ina ɗan ƙwanƙwasa manyan kaya da gindin sukudireba na roba. A kan naɗin wayar sashen PFC, allon ya sake ƙyaftawa. Na cire wuta, na sauke kafasita, na juya bodin ƙarƙashin gilashin ƙara girma. A kewayen ƙafa ɗaya akwai zobe siriri kamar gashi, dalmar ta tsage ta rabu da ƙafar. Kaya masu nauyi da zafi su ne suka fi yin haka: ƙarfe ya buɗe da zafi, ya tsuke da sanyi, shekara shida kullum. Tun da dokar Tarayyar Turai ta hana gubar dalma a yawancin kayan lantarki a 2006, masana'antu suka koma haɗin da ba ta ciki, wanda ke narkewa a wajen 217°C maimakon 183°C na tsohon. Shi a dushe yake ko yana lafiya, saboda haka rashin ƙyalli ba shaida ba ne, zoben ake nema. Na zuƙe tsohuwar, na zuba sabuwa, na bi ƙafafun tiransifomomi biyun da na soket ɗin wayoyi na sabunta su duka.

Wani zai ce da an sayi bodi sukutum an huta. Akwai lokacin da ni ma haka nake cewa: in bodin ya ƙone har ya zama gawayi, domin gawayi yana ɗaukar wuta, ko tiransifoma ta ƙone, ko mosfet, wani irin tiransista, ya fashe ya tafi da aisin da ba a samunsa. A lokacin ma lambar da ke jikin bodin ake bi, ba lambar talabijin ba, don samfuri ɗaya yakan fito da bodi iri biyu ko uku gwargwadon allon da aka saka masa, kuma wutar fitilunsu ba ɗaya ba ce. Amma bodin talabijin mai shekara shida, in ka same shi, yawanci daga wata mai shekara shidan aka ciro shi, da 'yar kafasitarsa mai 47µF da ta sha irin wannan zafin.

Ta yi awa shida ba ƙyaftawa. Na cire fulogi ta kwana, don gwajin da ya fi muhimmanci a wannan lamarin shi ne tashin safe, jiki a sanyaye. Da safe dannawa ɗaya ta kama. Na maimaita washegari.

Da Baba ya zo ɗauka na tambaye shi inda take zama. Ya ce cikin wani kabad ne da aka yi mata daidai jikinta, bayansa a rufe, samansa bai fi yatsa biyu tsakaninsa da ita ba, dikoda kuma a ƙarƙashinta.

Na ce, "Baba, kabad ɗin nan shi ya ci ta."

Na yi masa lissafin yadda masu ƙera kafasita suke yi. Wadda aka rubuta wa awa 2,000 a 105°C, duk saukar zafi da digiri goma rayuwarta tana ninkuwa: a 75°C awa 16,000, a 65°C awa 32,000, a 55°C awa 64,000. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, kuma maigadi yana aiki ko an kashe da rimot, saboda haka a shekara shida ƙaramar nan ta yi sama da awa 52,000 a bakin aiki, dubbai daga ciki a jikin alminiyo mai zafi cikin akwatin da iska ba ta fita. Iskar talabijin ta ƙasa take shiga ta fita ta sama, babu fanka. Jikan ya ce zai cire katakon bayan kabad ɗin ya mayar da dikoda gefe. Na ce ya bar mata aƙalla faɗin tafin hannu ta sama, kuma in za a yi tafiya ta kwanaki a zare fulogi.

Kafin in ɗaure murfin na shiga saitin hoto. Hasken fitilun baya yana kan 100, ƙarshen ma'auni. Na sauke shi zuwa 65, na nuna wa Baba, ya ce shi bai ga bambanci ba. Wannan zai rage wa bodin wuta kaya, ya rage wa fitilun zafi. Na gaya masa dalilin da ya sa na damu da su: layi biyun adadin fitilunsu ɗaya ne, ya kamata awonsu ya zo kusan daidai, amma ɗaya ya fi ɗaya da 3V, kuma a farin hoto kusurwar dama ta ƙasa ta fara ɗan shuɗi-shuɗi. Ba abin da za a buɗe allo a kansa yau ba ne, buɗe allo ma haɗari ne na kansa. A littafin aiki, ƙarƙashin kafasitoci biyar da dalmar da aka sabunta, na rubuta: layin fitila na ɗaya 70V, na biyu 73V, in ta dawo da sauti babu hoto a fara da na biyu.